Wutar da Ta Cinye Garin Paradise: Ƙugiya Ɗaya da Sakacin Shekara Ɗari

Da misalin ƙarfe 6:15 na safiyar Alhamis, 8 ga Nuwamban 2018, wata ƙugiyar ƙarfe ta tsinke a saman wani dogon turken wutar lantarki da ke kwazazzabon Kogin Feather, a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka. Ƙugiyar ba ta wuce tafin hannu ba. Aikinta kawai shi ne ta riƙe waya nesa da jikin turken. Da ta saki, sai wayar ta bugi ƙarfen turken, narkakken ƙarfe ya ɗiɗɗiga a kan busasshiyar ciyawar da ke ƙasa, iska kuwa tana kaɗawa da ƙarfi daga wajen duwatsu. Kafin ƙarfe 8 na safe wuta ta fara faɗawa cikin garin Paradise, mai nisan kimanin kilomita 11 daga wurin. Kafin azahar, mafi yawan garin ya zama toka.

Sunan garin na nufin Aljanna a harshensu. Ƙidayar shekarar 2010 ta samu mutum 26,218 a cikinsa, da yawansu tsofaffi ne da suka ajiye aiki suka nemi wuri mai araha da inuwar itatuwa. Gobarar ta kashe mutum 85, ta ƙona gine-gine sama da 18,000, ta cinye ƙasa kimanin hekta 62,000, ba a kuma shawo kanta gaba ɗaya ba sai ranar 25 ga wata, bayan an samu ruwan sama. Da aka sake ƙidaya a 2020, mutum 4,764 aka tarar a garin.

Na zaɓi wannan gobara ne domin kusan duk abin da ke haddasa manyan gobarar daji a zamaninmu ya haɗu a cikinta. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kare shi a wannan rubutu, shi ne cewa irin wannan wuta takan ɗauki shekaru ana tara mata itace kafin ranar da za ta kama, kuma masu tara itacen mutane ne da hukumomi. Al'ummar da ta tsaya a kan tambayar wa ya ƙyasta ashana, ta bar sauran tambayoyin, za ta sake ganin wutar.

Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Haka ma babbar gobarar daji, sai abubuwa uku sun haɗu: tartsatsin da zai kunna ta, makamashin da za ta ci, da yanayin da zai ba ta ƙafa, wato fari da zafi da iska. In aka janye ɗaya, sauran biyun ba su iya yin ɓarna mai yawa.

Tartsatsi shi ne mafi sauƙin samu. Wani bincike da Jennifer Balch ta Jami'ar Kolorado da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na gobarar dajin da aka yi a Amurka tsakanin 1992 da 2012 ɗan'adam ne ya tayar da su. Sauran kuwa tsawa ce. Ƙona shara, guntun taba, wutar masu yawon shaƙatawa, tartsatsin inji, wayar lantarki, da masu cinna wuta da gangan, duk suna cikin lissafin. Wutar da ɗan'adam ke tayarwa ta fi haɗari ta fuska biyu: tana tashi kusa da inda mutane ke zaune, kuma tana tashi a kowane wata na shekara, alhali tsawa tana da lokacinta.

A Paradise tartsatsin ya fito ne daga layin lantarkin da ake kira Caribou-Palermo, wanda aka gina wajajen 1921, kamfanin PG&E kuma ya mallake shi tun 1930. Binciken masu gabatar da ƙara na gundumar Butte ya gano cewa ƙugiyar ta shafe shekaru aru-aru tana gogar ƙarfen da aka rataye ta a kai duk lokacin da iska ta kaɗa, har ta cinye kanta ta koma siririya. Duk wanda ya hau turken ya duba da idonsa zai ga haka. Kamfanin ya san layin ya tsufa, amma ya rage kuɗi da yawan dubawa. A watan Yunin 2020 shugaban kamfanin na lokacin, Bill Johnson, ya tsaya a gaban kotu ya amsa laifin kisan mutum 84 ba da gangan ba, ana kiran sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya. Tarar da doka ta yarda a ci kamfanin ba ta wuce kimanin dala miliyan 4 ba, har da kuɗin bincike. Diyyar da ya amince zai biya waɗanda wannan gobara da wasu irinta suka shafa ta kai dala biliyan 13.5.

Laifin kamfanin a bayyane yake, ba ni kuma da niyyar rage masa ko ƙwayar zarra. Sai dai Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wayoyin lantarki suna tartsatsi a wurare da dama a duniya kullum, ba kuma kowane tartsatsi ke cinye gari ba. Abin da ya kamata mu duba shi ne abin da wannan tartsatsin ya faɗa a kai.

Yadda kashe wuta ya tara wa wuta abinci

Kafin zuwan Turawa, dazuzzukan Kalifoniya sun saba da wuta. Tsawa tana tayar da ita, ƙabilun asali irin su Karuk da Yurok kuma suna cinna ta da gangan a lokacin da suka zaɓa, domin su share ƙasan daji, su samu sabon tsiro na saƙar kwanduna, su kuma jawo namun daji. Irin wannan wuta ba ta da tsayi. Takan bi ƙasa tana lashe busasshen ganye da ƙirare da ƙananan tsirrai, ta bar manyan itatuwa masu kaurin ɓawo a tsaye. A shekarar 1850, shekarar da Kalifoniya ta zama jiha, majalisarta ta yi dokar da ta ƙuntata wa ƙabilun asali, a ciki har da hukunci a kan cinna wa fili wuta.

Sai kuma aka yi babbar gobarar watan Agustan 1910 a jihohin Idaho da Montana, wadda ta ƙona kimanin eka miliyan 3, mafi yawansu cikin kwana biyu, ta kashe mutum sama da 80, akasarinsu masu kashe gobara. Hukumar Gandun Daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1905, ta fito daga wannan masifa da aƙida ɗaya: wuta abokiyar gaba ce. A 1935 ta kafa ƙa'idar cewa duk wutar da aka ba da rahotonta, a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. An yi nasara ƙwarai a kan wannan manufa, kuma nasarar ce ta zama matsala. Ganye da rassa da matattun itatuwan da ƙananan wuta suka saba sharewa duk bayan 'yan shekaru sai suka yi ta taruwa. Ƙananan itatuwa suka cika tsakanin manya, suka zama tsani da wuta ke takawa daga ƙasa zuwa ƙololuwa. Wutar da ta hau saman itatuwa kuwa ba mai iya tsayawa gabanta da tiyo.

Dole in yi adalci a nan, domin akwai masu ɗora komai a kan wannan dalili. Wani yanki na dajin da gobarar 2018 ta ratsa, wajen ƙauyen Concow, ya riga ya ƙone a 2008, an kuma sare itatuwa a wurin bayan haka. Abin da ya tsiro a madadinsu ciyawa ce da ƙananan duhuwoyi, waɗanda suka fi saurin bushewa da saurin kamawa. Saboda haka sare itatuwa kaɗai ba ya maganin gobara, wani lokaci ma ƙara mata gudu yake yi. Irin makamashin da ke ƙasa, da yadda yake a jere, ya fi yawansa muhimmanci.

Garin Lahaina na tsibirin Maui a Hawai ya nuna wannan a fili. Gonakin raken da suka kewaye garin an daina noma su bayan rufe kamfanin sukarin yankin a 1999. Ciyayin da aka shigo da su tsibirin domin kiwon shanu, waɗansunsu 'yan asalin Afirka, suka mamaye filayen, suna tsiro da damina, suna bushewa da rani, ba mai yanka, ba mai kiwo. Ranar 8 ga Agustan 2023 iska mai ƙarfi ta kayar da wayoyin lantarki, wuta ta kama wannan ciyawa ta gangaro cikin gari, mutum 102 suka rasu.

Ƙishirwar iska

Dutse na uku shi ne yanayi. A al'ada, zuwa farkon Nuwamba ruwan sama ya riga ya jiƙa arewacin Kalifoniya. A 2018 ruwan ya yi jinkiri, bayan rani mai tsananin zafi, ciyawa da ganye suka bushe ƙarau. A daidai wannan lokaci na shekara ne kuma busasshiyar iska ke gangarowa daga tuddai tana matsewa cikin kwazazzabai, tana ƙara gudu da zafi. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke tsage leɓe da diddige, ta busar da wanki cikin ɗan lokaci, ya san irin aikin da wannan iska ke yi wa daji.

Ga inda ɗumamar yanayi ke shigowa. Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos, iska takan iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100. Ma'ana, iska mai ɗumi ta fi ƙishirwa, kuma daga ganye da ƙasa da busasshen itace take shan abin da za ta sha. A 2016 masana biyu, John Abatzoglou da Park Williams, sun ƙiyasta cewa ɗumamar da ɗan'adam ya haddasa ta kusan ninka yawan dajin da ya ƙone a yammacin Amurka tsakanin 1984 da 2015. Ɗumama ba ta ƙyasta ashana, amma tana ƙara yawan ranakun da ashana ɗaya za ta isa.

Abin bai tsaya a Amurka ba. A 2023 Kanada ta yi asarar kimanin hekta miliyan 15, fiye da ninki biyu na mafi munin shekarar da ta taɓa gani a baya, aka kwashe kusan dukan mutanen birnin Yellowknife. Hayaƙin gobarar da kansa kuma yana ƙara ɗumama: wani binciken masana hukumar NASA ya nuna cewa iskar kabon da wutar Kanada ta fitar a wannan shekara ta fi wadda kowace ƙasa ke fitarwa a shekara daga ƙona mai da kwal da gas, in ban da Sin da Amurka da Indiya. Zafi na jawo wuta, wuta na ƙara zafi.

Gida ke cinna wa gida

Mutane da yawa suna zaton bangon wuta ne ke tasowa daga daji ya haɗiye gidaje. Hotunan da aka ɗauka daga sama bayan gobarar Paradise sun nuna wani abu daban: unguwanni sun zama toka, amma dogayen itatuwan da ke tsakanin gidajen da yawansu suna tsaye da ganyensu. Jack Cohen, wani mai bincike da ya daɗe a Hukumar Gandun Daji, ya shafe shekaru yana bayyana dalilin haka. Garwashi ne ke cin gida. Iska takan ɗauko shi ta jefa shi kilomita ɗaya ko fiye a gaban wutar, ya faɗa cikin indararon da ya cika da busasshen ganye, ko ya shige ta kafar shan iska ta rufi, ko ya maƙale a tarin itacen da aka jingina da bango. Da gida ɗaya ya kama, shi ne zai zama murhun da zai cinna wa maƙwabcinsa. Daga nan gobarar ta tashi daga ta daji ta koma ta gari.

Wannan bayani yana da daɗin ji ta fuska ɗaya, domin yana nufin akwai abin yi. A 2008 Kalifoniya ta fara aiki da dokar gini mai tsauri a yankunan da ke da haɗarin gobara: rufin da ba ya kamawa, raga a kan kafofin iska, tagogi masu jure zafi. Wani bincike da jaridun kamfanin McClatchy suka yi bayan gobarar ya gano cewa kimanin rabin gidajen da aka gina bayan 2008 a hanyar wutar sun tsira, alhali cikin tsofaffin gidajen, waɗanda suka tsira ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Sai batun hanya. Paradise na zaune ne a kan doron tudu tsakanin kwazazzabai biyu, hanyoyin fita kuma 'yan kaɗan ne. Bayan gobarar 2008, wani kwamitin bincike na gundumar ya yi gargaɗi a kan haka. An tsara yadda za a kwashe mutane unguwa-unguwa, amma tsarin bai yi tanadin ranar da dukan gari zai tashi a lokaci guda ba. Mutane da yawa saƙon gargaɗi bai iso gare su ba. Motoci suka cunkushe, hayaƙi ya mai da safiya dare, wasu suka bar motocinsu suka gudu da ƙafa, wasu wuta ta cim musu a ciki. Mafi yawan mamatan tsofaffi ne, da dama an same su a cikin gidajensu. Irin haka ta faru a Fotugal a watan Yunin 2017, inda gobarar Pedrógão Grande ta kashe mutum 66, mafi yawansu a kan hanya ɗaya suna ƙoƙarin tserewa.

Ɓarnar da ke zuwa bayan wuta ta mutu

Alƙaluman da ake bayarwa ranar da aka kashe gobara ba su cika faɗin rabin labarin ba. A gobarar Ostireliya ta 2019 zuwa 2020, wuta ta kashe mutum 33 kai tsaye, amma masana lafiya sun ƙiyasta cewa hayaƙinta ya yi ajalin sama da 400. Hayaƙin na ɗauke da ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu shiga can cikin huhu har su ratsa jini, su tayar da asma da ciwon zuciya. Ba ya kuma neman biza: a watan Yunin 2023 hayaƙin Kanada ya rine sararin birnin New York ya koma ruwan goro. A wannan gobara ta Ostireliya, wani ƙiyasi ya nuna cewa dabbobi kusan biliyan 3 ne suka mutu ko suka rasa matsuguni.

A Paradise, waɗanda gidajensu suka tsira sun koma suka tarar ruwan famfo ya gurɓata da sinadarin benzene mai haddasa ciwon daji, aka ɗauki dogon lokaci ana gwaji da sauya bututu. Ƙasar da wuta mai zafi ta gasa kuma takan daina shan ruwa, ga shi babu saiwar da za ta riƙe ta. A Janairun 2018, makonni kaɗan bayan wata gobara ta ƙone tuddan da ke bayan garin Montecito, ruwan sama mai ƙarfi ya kwaso laka da duwatsu ya binne gidaje, mutum 23 suka mutu.

Akwai kuma ɓarnar aljihu, wadda talaka ya fi ji. A watan Mayun 2023 kamfanin State Farm, mafi girma a inshorar gidaje a Kalifoniya, ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gida a jihar. Gidan da ba shi da inshora banki ba ya ba da bashin sayensa, darajarsa kuma sai ta faɗi. Mai hali yakan sake gini ko ya ƙaura. Tsohuwar da ta zuba duk abin da ta tara a gida ɗaya ba ta da wannan zaɓin. Mutane da yawa sun zauna a Paradise ne tun farko domin tsadar gidaje ta kore su daga birane, wato talauci ne ya kai su bakin daji, shi ne kuma ya hana su tashi bayan wuta.

Haɗarin neman mai laifi ɗaya

Zuciyar ɗan'adam tana son a nuna mata fuska ɗaya a ce ga wanda ya yi. A watan Agustan 2021 gobara ta kama tuddan yankin Kabiliya a Aljeriya cikin tsananin zafi, ta kashe mutane da dama, ciki har da sojojin da aka tura ceto. Hukumomi suka ce da gangan aka cinna ta. Wani matashi mai zane da kiɗa, Djamel Ben Ismail, ya taso daga garinsu domin ya taimaka wajen kashe wutar. Jita-jita ta bazu cewa shi ne mai cinnawa, taron jama'a suka fizge shi daga hannun 'yan sanda a garin Larbaa Nath Irathen, suka kashe shi suka ƙona gawarsa. Daga baya kotu ta yanke wa mutum 49 hukuncin kisa a kan wannan aika-aika.

Na kawo wannan ne domin ya nuna inda fushi marar tunani ke kaiwa. Labarin mai cinna wuta yana yi wa masu mulki daɗi, domin yana kawar da ido daga tambayoyin da suka shafe su: wa ya bar daji ba kulawa, wa ya ba da izinin gini a bakinsa, wa ya hana kuɗin gyara, wa ya ƙi buɗe hanya. A kama mai laifi in akwai shi, a hukunta shi bisa doka. Amma kama shi ba ya rage ko damin ciyawa ɗaya daga abin da wuta ta gaba za ta ci.

Abin da nake gani

Bayan kowace babbar gobara, abin da 'yan siyasa suka fi saurin yi shi ne alƙawarin sayen jiragen sama masu feshin ruwa. Jirgi yana da amfani, yana kuma da kyau a hoto. Sai dai a ranar da aka fi bukatarsa, ranar da iska ke gudu kamar guguwa, sau da yawa ba ya iya tashi. Haka ta faru a daren farko na gobarar Los Anjalas, 7 ga Janairun 2025, lokacin da iska ta tilasta saukar da jiragen, gobarar kuma ta ƙare da cinye gine-gine sama da 16,000. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin da ke ceton rai shi ne wanda ba a buɗe shi da yanka ƙyalle: hawa turke a duba ƙugiya, share ciyawa da ganye daga jikin gida, tilasta bin dokar gini, faɗaɗa hanyar fita, sanin gidan da tsoho marar mota yake, da mayar da ƙaramar wuta cikin daji a lokacin da ya dace. Kalifoniya da kanta ta fara komawa ga abin da ta hana a 1850, tana sassauta dokoki domin ƙabilun asali su ci gaba da ƙonawarsu ta gado.

Akwai masu adawa da wannan ƙonawa ta rigakafi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. A 2022 wutar da ma'aikatan Hukumar Gandun Daji suka cinna da kansu a jihar New Mexico ta kuɓuce musu, ta zama gobara mafi girma a tarihin jihar, ta ƙone ɗaruruwan gidaje. Tana kuma da hayaƙi. Ba kowane irin daji take yi wa amfani ba. Duhuwoyin da ke tuddan Los Anjalas, alal misali, yawan ƙona su lalata su yake yi, ciyawa mai saurin kamawa ta maye gurbinsu. Na yarda da duk wannan. Amma a dajin da ya saba da wuta, zaɓin da ke gabanmu shi ne tsakanin wutar da muka zaɓa wa rana, cikin sanyi da kwanciyar iska, da wadda za ta zaɓa wa kanta rana mafi muni a shekara. Wanda ya ƙi ta farko bai tsira daga ta biyu ba.

Mu da ke ƙasar ciyawa

Mai karatu zai iya cewa wannan duk labarin nesa ne. Hotunan taurarin ɗan'adam sun nuna cewa kimanin kashi biyu bisa uku na ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka take, mafi yawanta a filayen ciyawa irin namu. Duk wanda ya yi tafiyar dare a watan Disamba ko Janairu ya ga jan layin wuta a gefen hanya. Wutarmu ba ta cika cinye birane ba, domin ciyawa ce take ci, ta wuce da sauri. Amma tana cin dawar da aka tara a gona ba a kai gida ba, tana cin rumbu da darni da jinka, tana cin makiyayar da dabbobi za su dogara da ita har faɗuwar damina, makiyayin da ya rasa ciyawa kuma sai ya nausa inda zai haɗu da manomi. Shi ya sa a yankunan kiwo na Jamhuriyar Nijar ake share dogayen layuka cikin ciyawa bayan damina domin su datse wa wuta hanya.

Darasin Paradise a gare mu shi ne mu guji kuskure biyu. Na farko shi ne barin kowa ya cinna wuta lokacin da ya ga dama, yaro ya ƙone daji guda domin gafiya ɗaya. Na biyu shi ne tsayawa a kan sanarwar haramta ƙona daji baki ɗaya a rediyo kowace shekara, dokar da ba mai bi, ba mai tilastawa. Wutar farkon kaka, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, takan yi sanyi-sanyi ta bar tsirin itatuwa, ta kuma bar gurabe da ke tare wutar da za ta zo daga baya. Wutar ƙarshen rani ita ce mai kashe itace har saiwa. A arewacin Ostireliya, wadda filayenta suka yi kama da namu, 'yan asalin yankin Arnhem sun farfaɗo da ƙonawar farkon rani a wani shiri da aka fara a 2006, manyan gobarar ƙarshen rani suka ragu, har ana biyan su kuɗi saboda hayaƙin da suka rage. Masu unguwanni da sarakunan noma da arɗo-arɗo namu sun fi kowane jami'in ofis sanin ranar da ciyawar yankinsu ke bushewa, su ya kamata a ba wa wuƙa da nama wajen tsayar da lokaci da hukunta wanda ya saɓa.

A can arewacin Ostireliyar akwai wata ciyawa da ke ba hukumomi ciwon kai. An kai ta daga Afirka a shekarun 1930 domin kiwon shanu, ta tsere daga gonaki, tana tsayi har mita 4, wutarta kuma tana ninka ta ciyawar ƙasar zafi sau da yawa, tana kashe itatuwan da suka saba jure wuta. Sunan da suke kiranta da shi shi ne gamba, sunan da muka sani. A nan muna yanke ta mu yi zana, dabbobi su ci sauran, ba ta samun damar taruwa. A can ba mai yanka, sai ta zama bala'i. Ciyawar ɗaya ce, kulawar ce ta bambanta.

Garuruwanmu suna faɗaɗa zuwa cikin gonaki da daji ba tare da tsari ba, wayoyin lantarkinmu sun tsufa suna lilo a kan kasuwanni da unguwanni, zafi kuma yana ƙaruwa shekara bayan shekara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin hunturun bana ya kankama, mai gona ya share kewayen abin da ya tara, mai unguwa ya tara jama'arsa a tsayar da ranar ƙonawa, ɗan jarida kuma ya je ya tambayi kamfanin rarraba lantarkin yankinsa yaushe rabon da wani ya hau turke ya duba.